Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya girmama shi da hankali, Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar da wannan fili zai duba a wannan mako ita ce: mutumin da ya taɓa yin ciwon taɓin hankali, sa'an nan Allah Ya ba shi sauƙi, shin ya dace a zaunar da shi gaban jama'a ya karantar da su game da wannan ciwo? Ko kuwa abin da ya fi masa alheri shi ne ya kama bakinsa, ya gode wa Allah da Ya rufa masa asiri, ya bar likitoci da malamai su yi bayani? Tambayar tana da nauyi, domin amsarta ta shafi mutuncin wanda zai yi maganar, ta kuma shafi rayuwar waɗanda har yanzu suke cikin ciwon a ɗakunan da aka kulle su.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya, watau kimanin mutum miliyan 970, yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu tsananin damuwa ne da fargaba, waɗanda mai su yakan je kasuwa ya dawo ba wanda ya gane. A Nijeriya kuwa, a cikin 2022 ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 200. Asibitocin da aka keɓe domin wannan ciwo a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, ba za su iya isa kowane ƙauye ba. Saboda haka mutumin da yakan fara ganin mara lafiya uwarsa ce, ko matarsa, ko limamin unguwa, ko malamin makaranta, kuma abin da waɗannan suka sani ko suka jahilta shi yakan yanke hukuncin inda za a kai shi, asibiti ko turu.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro horon wayar da kai ga mutanen da ba likitoci ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne wanda ake kira taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda aka tsara a birnin Kanbera na ƙasar Ostareliya a cikin 2000. Mutum biyu suka tsara shi, mata da miji: Betty Kitchener, ma'aikaciyar jinya wadda ita kanta ta sha fama da ciwon tsananin damuwa, da Farfesa Anthony Jorm, mai bincike a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya kawo abin da bincike ya tabbatar, ita ta kawo abin da jiki ya gaya mata. Horon yana koya wa mutum yadda zai kusanci wanda ya ga alamar ciwo a tare da shi, ya duba ko akwai hatsarin ya cuci kansa, ya saurare shi ba tare da zargi ba, ya kwantar masa da hankali, sa'an nan ya ƙarfafa masa guiwa ya ga likita ya kuma jingina da danginsa da abokansa. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 20.

Ba daga Kanbera abin ya fara ba. A birnin Paris na Faransa, wajen ƙarshen ƙarni na 18, wani mai kula da sashen masu taɓin hankali a asibitin Bicêtre, mai suna Jean-Baptiste Pussin, ya riƙa ɗaukar waɗanda suka warke aikin kula da sauran majinyata, domin ya lura sun fi tausayi da sauƙin hali, kuma a cikin 1797 ya kwance wa majinyatan sashensa sarƙoƙi. A Amurka, wani saurayi mai suna Clifford Beers ya kwanta a asibitocin ƙwaƙwalwa har shekara 3, ya sha duka da ɗauri, da ya fito ya rubuta labarinsa a littafi a cikin 1908, kuma a cikin 1909 ya kafa kwamitin ƙasa na gyaran yadda ake jinyar masu wannan ciwo. A Nijeriya ma, Hauwa Ojeifo, wadda ta bayyana cewa tana da ciwon da ke jujjuya hali tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin baƙin ciki, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a cikin 2016, kuma a cikin 2020 ta tsaya gaban 'yan Majalisar Tarayya ta yi bayani a kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. An sa wa wannan doka hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

To, mene ne wanda ya taɓa ciwon ya sani wanda likita bai sani ba? Malaman Musulunci sun daɗe da rarrabe ilmin da ake samu ta hanyar ji da karatu, da ilmin da ake samu ta hanyar ɗanɗano. Imamu Gazali, wanda ya rasu a cikin 1111, ya yi bayanin wannan bambanci a littafinsa Al-Munƙiz minal Dalal, inda ya nuna cewa sanin ma'anar lafiya da sharuɗɗanta daban ne da zama lafiyayye, kuma likita yana iya sanin haddin lafiya alhali shi kansa yana kwance. A cikin wannan littafi ya ba da labarin abin da ya same shi a Bagadaza a cikin 1095, yana babban malamin makarantar Nizamiyya, ɗalibai 300 suna zama gabansa: harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, baƙin ciki ya rufe shi, abinci ya ƙi shiga, har likitoci suka yanke ƙauna suka ce abu ne da ya sauka a zuciya. Ba hurumin kowa ba ne yau ya sa wa wannan hali sunan wata cuta, kuma shi kansa ya fassara shi da rikicin zuciya tsakanin son duniya da kiran lahira. Abin lura dai shi ne, malami mai wannan matsayi bai ɓoye ranar da ya kasa ba. Ya rubuta ta domin na baya su amfana, kuma shekara fiye da 900 ke nan ana karanta ta ba wanda ya ce darajarsa ta ragu.

Likita ya san alamomin ciwo da sunan magani da adadin da za a sha. Wanda ya yi ciwon ya san yadda dare yake tsawo ga mutumin da barci ya ƙaurace masa mako guda. Ya san kalmar da ta fi yi masa zafi, kamar a ce masa raunin imani ne ya jawo, ko a ce ya tashi ya daina lalaci, ya kuma san kalmar da ta riƙe shi ranar da ya yi tunanin rabuwa da duniya. Ya san dalilin da ya sa majinyata suke daina shan magani a ɓoye, domin ya ji kasalar da wasu magunguna suke kawowa, da rawar hannu, da ƙiba, da bushewar baki, ya kuma san cewa ana iya komawa ga likita a sauya magani ko a rage shi maimakon a watsar. Ya san alamun da suke rigayar dawowar ciwo, da yadda ake shiga masallaci ko kasuwa ranar farko bayan an fito daga asibiti, ido duka a kan mutum. Matar da baƙin ciki ya kama tana jego har ta kasa kallon jaririnta ita ce za ta iya gaya wa ungozoma da surukai abin da ya kamata su lura da shi a cikin kwana arba'in ɗin nan. Wannan duka ilmi ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Bincike ma ya goyi bayan haka. A cikin 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da Farfesa Graham Thornicroft na Ingila da abokan aikinsa suka yi a kan hanyoyin rage ƙyamar masu ciwon ƙwaƙwalwa, suka gano cewa hanyar da ta fi tasiri ga manya, aƙalla a gajeren lokaci, ita ce haɗuwa da wanda ya yi ciwon da jin labarinsa daga bakinsa. Dalili kuwa a fili yake. Mutumin da bai taɓa ganin mai taɓin hankali ba sai wanda ke yawo a juji yara suna jifa, duk lacca da za a yi masa ba za ta goge wannan hoto ba. Amma ranar da ya ga magidanci mai sana'a da iyali, cikin natsuwa, yana cewa shi ma ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, sai hoton ya karye. Gani ya kori ji.

Duk da haka akwai hujjoji guda uku da masu ƙin wannan tsari suke kawowa, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da su ba tare da an auna su ba.

Hujja ta farko ita ce maganar da ta zauna a bakin jama'a, wai mahaukaci ba ya warkewa sai dai ya sami rangwame, saboda haka maganarsa ba abar dogara ba ce. Shari'a ba ta tafi a kan haka ba. Hadisi ya nuna cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har zuwa lokacin da zai farfaɗo, kuma wannan iyaka da aka sa ita kanta shaida ce cewa ana farfaɗowa. Malaman fiƙihu sun rarrabe haukan da ya lulluɓe mutum ba yankewa da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce a lokacin da mutum yake cikin hayyacinsa salla ta hau kansa, cinikinsa ya ƙullu, kuma ana karɓar shaidarsa idan adali ne. A mazhabar Malikiyya, idan hauka ya sami miji matarsa ta kai ƙara, alƙali yakan ba shi shekara guda domin magani, idan ya warke aure yana nan. Wanda alƙali zai karɓi shaidarsa a kan dukiyar wani, da wane dalili za a ƙi shaidarsa a kan abin da ya faru a cikin ransa? Daɗin daɗawa, yawancin masu ciwon ƙwaƙwalwa hankalinsu bai taɓa gushewa ba ko na sa'a guda. Gaskiya ne wasu nau'o'in ciwon sukan dawo, wasu kuma sai da shan magani na tsawon rai, amma haka ciwon sukari da hawan jini suke, kuma ba wanda ya taɓa hana mai ciwon sukari karantarwa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce hujjar sutura. Musulunci yana son rufin asiri, kuma hadisi ya zargi mutumin da zai aikata saɓo da dare Allah Ya rufe shi, ya wayi gari yana tona kansa. Sai dai wannan zargi a kan zunubi yake, ciwo kuwa ba zunubi ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Yakubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma bai ambaci wannan a matsayin aibi ba. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan halaccin mara lafiya ya faɗi cewa yana jin ciwo, kuma malamai sun rarrabe mai ba da labarin ciwonsa domin wata maslaha da mai kuka da hukuncin Ubangiji. Tun kafin wannan zamani, Abu Zaid al-Balhi, wanda ya rasu a cikin 934, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya jera fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai masu buƙatar magani kamar na jiki, har ya rarrabe baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda yake faɗa wa mutum ba gaira ba dalili, ya ce wannan na biyu asalinsa daga jiki yake. Wanda ya ɗauki ciwon ƙwaƙwalwa abin kunya, daga al'ada ya ɗauko wannan hukunci.

Amma hujjar sutura tana da wani ɓangare na gaskiya da tilas a amince da shi. A inda ake binciken asali kafin a ba da aure, mutumin da ya tsaya a fili ya ce ya taɓa wannan ciwo yana iya jawo wa 'ya'yansa mata da ƙannensa rasa manema, yana iya rasa aikinsa ko abokan cinikinsa. Saboda haka ba wajibi ba ne a kan kowa ya bayyana, kuma haramun ne a tilasta masa, ko a yaudare shi, ko a bayyana shi ba da izininsa ba. Wanda ya zaɓi shiru bai yi laifi ba. Wanda ya zaɓi magana bayan ya auna abin da zai biyo baya, da niyyar kada wani ya sha abin da ya sha, ya yi sadaka da wani abu mafi tsada daga kuɗi, kuma hakkin jama'a ne su karɓa da girmamawa.

Hujja ta uku ita ce, abin da mutum ɗaya ya gani ba ya zama hukunci a kan kowa. Wannan gaskiya ne ƙwarai. Wanda ya yi tsananin damuwa bai san halin mai jin muryoyi ba, kuma maganin da ya karɓi wannan yana iya cutar da wancan. Idan aka saki mutum ya riƙa gaya wa jama'a su sha abin da ya sha, ko su bar abin da ya bari, za a yi ɓarna. Amsar wannan ita ce irin haɗin da aka yi a Kanbera, watau a zaunar da mai ɗanɗano kusa da mai bincike, kowa ya tsaya a iyakarsa. Likita ya yi bayanin cuta da magani, wanda ya warke ya yi bayanin yadda ake rayuwa a cikinta da yadda ake fita, malami kuma ya yi bayanin hukunci da haƙuri da tawakkali, yana tunatar da mutane cewa addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Daga wannan bayani ana iya fitar da wasu sharuɗɗa ga duk wata hukuma ko ƙungiya ko kwamitin masallaci da ke son shirya irin wannan horo. Mai ba da labarin ya kasance cikin sauƙi tabbatacce, ya shawarci likitansa, kuma shi zai zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai bari. A koya masa yadda ake karantarwa kamar yadda ake koya wa kowane malami. A kiyaye mutuncin danginsa, domin labarin ciwo yakan haɗa da uba ko mata ko maƙwabci, kuma wayar da kai ba ta halatta giba. Idan ana maganar wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, kada a bayyana hanyar da ya bi, domin likitoci sun tabbatar cewa irin wannan bayani yana iya ingiza mai rauni. A biya shi hakkin aikinsa kamar yadda ake biyan sauran masu lacca, a kuma sa shi cikin masu tsara darasin tun daga farko. Abin takaici ne a kira mutum ya zubar da hawaye na minti 10 gaban manyan baƙi a tafa masa, sa'an nan a sallame shi kafin a zauna shawara. Wannan cin amana ne ko da an kira shi wayar da kai.

Waɗanda suka fi buƙatar wannan horo su ne waɗanda ake fara kai wa ƙara: limamai, da malaman Islamiyya da na allo, da masu ruƙiyya, da masu unguwa, da ungozomomi, da 'yan Hisba, da 'yan sanda. A cikin 2019 ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa dubban masu ciwon ƙwaƙwalwa a Nijeriya suna ɗaure da sarƙa a asibitoci da gidajen gyaran hali da wuraren masu maganin gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista, kuma a wannan shekara 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Yawancin iyayen da suke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugunta ta kai su ba. Ruɗewa ce da rashin sanin wata hanya, kuma da wuya a ce sun taɓa zama da wanda ya bi hanyar asibiti ya dawo ya ci gaba da sana'arsa. Uban da ya ji irin wannan mutum da kunnensa zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa ɗansa ga mai sarƙa.

A taƙaice, wanda ya ɗanɗani wannan ciwo ya sami sauƙi yana riƙe da wani yanki na ilmi da ba a samunsa a littafi, shari'a ta yarda da hankalinsa da shaidarsa, kuma bayyana ciwo domin amfanin bayin Allah ba ya cikin tonon asirin da aka hana. Abin da ya rage shi ne a ba shi zaɓi, a kiyaye mutuncinsa, a zaunar da shi tare da likita da malami a matsayin abokin aiki. Lafiyar hankali aro ce a hannun kowa, kuma wanda yake sauraro yau bai san ko gobe shi ko ɗansa ne zai buƙaci wanda ya san hanyar ba.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya sanya tausayi a zukatan masu lafiya, amin.